Tsakanin Mai Kuɗi Da Mai Juya Kuɗi: Wa Ke Ɗaukar Hasara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata husuma ce ta jawo bayaninmu na wannan mako, ko da yake ba ta kai gaban alƙali ba. A ƙarshen daminar da ta wuce wasu mutum biyu suka same mu a zaure a nan Birnin Yawuri bayan sallar La'asar. Ɗaya tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya ajiye aiki, aka biya shi kuɗin sallama. Ɗayan kuwa falke ne mai sayen kifin banda a kasuwar Yelwa yana aikawa Kudu. Tsohon ma'aikacin ya ɗauki Naira miliyan 3 ya miƙa wa falken don ya juya masa, a kan cewa duk ƙarshen wata zai riƙa ba shi Naira dubu 150. Wata shida ana haka lafiya lau. A na bakwai motar da ta ɗauki kayan ta faɗi a hanya cikin ruwan sama, kifin ya jiƙe, wanda bai ruɓe ba ya rududduge.

Falke ya ce ƙaddara ce, kuɗin abokinsa sun tafi tare da nasa. Mai kuɗi ya ce shi bai san wannan ba, a ba shi miliyan ukunsa cif, har da na watannin da suka wuce ba a biya ba. Babu takarda, babu shaida. Su biyun kuwa mutanen kirki ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci.

Muka yi musu tambaya guda. Muka ce, Alhaji, ranar da ka miƙa masa kuɗin nan, da wane suna ka miƙa? Ajiya ce, ko rance ne, ko kuwa jari ne na a raba riba? Ya yi shiru, can ya ce, "Allah gafarta Malam, cewa na yi ya juya mini." Muka juya ga falke, shi ma abin da ya riƙe ke nan. To wannan kalma ta "juya mini" ita ce ta raba zumunci a gidaje da yawa a ƙasar nan, domin kowa yana fassara ta yadda ta yi masa daɗi: ranar riba jari ce, ranar hasara kuwa sai mai kuɗi ya ce rance ne.

Fiƙihu bai bar wannan a duhu ba. Duk wanda ya riƙe dukiyar wani, hannunsa ɗayan biyu ne. Ko dai hannun amana, ko hannun lamuni. Mai ajiya amintacce ne, idan abin ya salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya, amma kuma ba shi da izinin taɓawa. Wanda ya ci rance ya mallaki kuɗin, ribarsu tasa ce, hasararsu a wuyansa take, zai mayar da daidai abin da ya karɓa ko da gobara ta cinye shagonsa, mai rance kuwa ba shi da ko kwabo a kai. Na uku shi ne ƙiradi, wanda mutanen Iraƙi suka kira mudaraba: wani ya kawo jari, wani ya kawo wahala da sanin kasuwa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. Idan aka faɗi, mai jari ya yi hasarar dukiyarsa, mai juyawa ya yi hasarar guminsa. Ba a yanka wa ɗayansu adadi sananne, ba a kuma sharɗanta wa mai juyawa lamunin jari. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duka ukun ta zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa amfanin abu yana bin wanda lamuninsa ke kansa. Kalmar lamuni ɗin ma daga Larabcin wannan babi muka aro ta, kamar yadda muka aro dillali da la'ada.

Imamu Malik ya buɗe babin ƙiradi a Muwaɗɗa da labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar. Sun biyo ta Basra, gwamnanta Abu Musa al-Ash'ari ya ba su kuɗin baitulmali da za a kai Madina, ya ce su sayi haja a Iraƙi su sayar a can, su miƙa uwar kuɗi su riƙe riba. Umar ya ce su kawo duka, tun da ba dukan rundunar aka yi wa haka ba, don su 'ya'yan Sarkin Musulmi ne. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi ya kafa hujja da cewa da dukiyar ta salwanta su za su biya, saboda haka riba tasu ce. Daga ƙarshe wani daga cikin mazauna majalisar ya ba da shawara a mai da shi ƙiradi, Umar ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba. A lura, gardamar ba a kan komai ta tsaya ba sai a kan wa ke da lamuni.

A jami'o'in duniya akwai wani reshe na ilmin tattalin arziki wanda aikinsa shi ne nazarin masu shiga tsakanin mai kuɗi da mai bukatar kuɗi, watau bankuna da kamfanonin inshora da asusun fansho da kasuwar hannun jari. Tambayar da masanan suka fara da ita mai sauƙi ce a baki: me ya sa mai rarar kuɗi ba ya zuwa kai tsaye wurin mai bukata, har sai wani ya shiga tsakani ya ci abinci? Amsar da suka samu ita ce rashin sani. Mai kuɗi bai san wane ne zai biya ba, ba shi kuma da lokacin bin sawun wanda ya ba. Wani masani Ba'amurke, Douglas Diamond, ya yi bayani a 1984 cewa banki wakili ne na sa ido. Maimakon masu ajiya dubu kowa ya je ya leƙa littafin ɗan kasuwa guda, sai su wakilta mutum ɗaya ya yi musu, shi kuma ya rarraba kuɗin ga mutane da yawa don faɗuwar ɗaya kada ta kayar da shi. A 1983 kuma shi da Philip Dybvig sun nuna inda raunin banki yake: yana karɓar kuɗin da mai su zai iya nema gobe da safe, yana zuba su a abin da ba zai dawo ba sai bayan shekaru. Muddin masu ajiya sun natsu komai na tafiya, amma ranar da jita-jita ta sa suka yi cincirindo a ƙofa, ko lafiyayyen banki sai ya durƙushe. A kan wannan aka ba su lambar Nobel a 2022, tare da Ben Bernanke.

Ba mu raina wannan bincike ba, yana da amfani ƙwarai, kuma ya kamata ɗalibanmu na fiƙihu su san shi. Amma duk wanda ya karanta Sahihul Buhari zai tuna da Zubairu ɗan Awwam. Mutane sukan kawo masa ajiya, sai ya ce ba zai karɓa da sunan ajiya ba sai da sunan rance, don yana tsoron ta salwanta. Da haka ya ɗora wa kansa lamuni, ya kuma sami halaccin juya kuɗin. Da aka kashe shi a shekara ta 36 bayan Hijira, ɗansa Abdullahi ya ƙidaya bashin ya tarar miliyan 2 da dubu 200, alhali mamacin bai bar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Sai da aka sayar da filin Gaba aka biya mutane, Abdullahi kuma ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin Hajji, ko akwai mai bin Zubairu. Ga bashin da ake iya nema kowane lokaci, ga dukiya a daskare cikin ƙasa da gini. Abin da masanan suka rubuta da lissafi ke nan.

Yawuri Da Masu Shiga Tsakani

Ƙasar Yawuri ba baƙuwar wannan sha'ani ba ce. Tun kafin sarauta ta koma Yelwa, tana kan hanyar fataken goro masu tasowa daga Kano su ƙetare Kwara su bi ta Borgu zuwa Gwanja. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya yi bayanin wannan fatauci a littafinsa na 1978 kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Falken da ya sauka baƙon gari bai san mai gaskiya ba, bai san mai cuta ba. Mai masaukinsa shi ne idonsa: ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya wa mai saye idan cinikin na bashi ne. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta a 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba, domin mai gida Bahaushe ya san kowane mahauci da halinsa, kuma idan aka ƙi biya shi ne zai fuskanci mai shanu. Wannan mai gida banki ne ba tare da gini ba, jarinsa kuwa sunansa.

Sa'an nan aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki. Aka tashi mutane wajen dubu 44 daga mazaunansu, cikinsu har da Gungawan da suka bar tsibirai suka dawo gaɓa da noman albasarsu. A 'yan shekarun farko kifi ya yi yawa ainun, masunta suka kwararo daga nesa da kusa, kafin shekarun 1970 su ƙare kuma kamun ya ja baya ƙwarai. Amma salon sana'ar ya riga ya canja. Ragar zamani da injin jirgi da man fetur duk kuɗi suke ci tun kafin a jefa ƙugiya a ruwa, masunci kuwa ba shi da abin jingina da banki zai karɓa. Wa zai ba shi? Sai mai sayen kifinsa.

A nan ne muke so 'yan kasuwarmu na Yelwa da Wara da sauran garuruwan bakin ruwa su saurara da kyau. Abin da aka saba shi ne, falke ya ba masunci kuɗin raga ko na inji da sunan rance, bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa kifinsa ba sai shi, a farashin da ke ƙasa da na kasuwa. Bashin kuwa ba a gaggawar karɓarsa, domin muddin yana nan masunci a ɗaure yake. Falke zai rantse bai taɓa karɓar kuɗin ruwa ba, kuma a zahiri gaskiya ya faɗa. Amma ragin da ake yi masa a kan kowane kwando na giwan ruwa da ƙarfasa, me ya jawo shi in ba rancen ba? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, malamai kuma sun haɗu a kan cewa rancen da aka sharɗanta ya jawo wa mai shi amfani riba ce ta haram. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta har ta hana mai bin bashi karɓar kyauta daga wanda yake bi, sai in dama can sun saba. Haka hukuncin yake ga wanda ya ba manomin albasa kuɗin taki da man injin ban ruwa da sunan rance, don ya kwashe amfanin gonar da arha ranar cira.

Mun san abin da falke zai ce, kuma maganarsa abar dubawa ce. Zai ce masunci na iya tashi da dare ya koma wani sansani a ɗaya gaɓar da ragar da injin, zai ce iska na iya kifar da jirgi, zai ce kuɗinsa sun kwanta wata da watanni. To Shari'a ba ta ce ya yi aikin banza ba. Ta buɗe masa ƙofofi, shi ne bai shiga ba. Yana iya sayen injin da kansa ya mallake shi, sa'an nan ya sayar wa masunci bashi a farashi sananne wanda ya fi na hannu, zuwa ajali sananne, kifi kuma masunci ya sayar inda ya ga dama. Yana iya yin salam, watau ya biya kuɗi yanzu don kaya na gaba. Manzon Allah ya tarar da mutanen Madina suna yin haka a kan dabino, ya bar su, da sharaɗin mudu sananne da awo sananne da ajali sananne. A mazhabarmu ana biyan kuɗin nan take ko cikin kwana uku, ajali kada ya gaza kwana 15, ana kuma iya sa shi lokacin girbi. Sai a ambaci irin albasar da girman buhun da adadinsa, ba a ɗaura shi a kan wata gona guda ba. Mai salam yana saye da rahusa, kuma halas ne, domin ya ɗauki kasada: idan albasa ta faɗi warwas a kasuwa ranar karɓa, kamar yadda takan yi a tsakiyar kaka, shi ya jiyo.

Akwai kuma masu ba masunci raga a raba abin da aka kama. Littattafanmu sun ƙuntata a nan, suna ganin ijara ce da ladan da ba a sani ba, amma malaman Hambaliyya sun ga ingancinsa. Mu dai a ganinmu, wanda ya bi wannan ra'ayi bisa sani, ya yarda cewa in raga ta yage tasa ce ta yage, ya fi kusa da tsira nesa ba kusa ba a kan mai rancen da ke cin ragi a ɓoye.

Game da dillali ba za mu daɗe ba. Sana'arsa halas ce. Buhari ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillanci ba, wani malamin Malikiyya na Tunisiya kuwa, Abul Abbas al-Ibyani, ya bar littafi sukutum a kan mas'alolin dillalai. Abin da aka hana shi ne ya tare manomi a hanya kafin ya san farashin kasuwa, ko ya sa yaransa su riƙa taya kaya ba da niyyar saye ba don farashi ya hau, ko ya ce wa mai kaya an sayar goma alhali sha biyu aka sayar. Dillali ana biyansa ne saboda abin da ya sani wanda baƙo bai sani ba. Idan ya mai da wannan sanin makami a kan wanda ya amince masa, ya ci la'ada ya kuma ci amana.

Kafin mu bar ƙauye, akwai wani bincike da ya cancanci a ambata. Wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya tsakanin 1988 da 1989 yana rubuta kowane rance da magidanta suka bayar ko suka karɓa. Ya tarar kusan dukkansa tsakanin dangi ne da 'yan gari ɗaya, ba jingina, ba a cika yin takarda ba. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne biyan yana bin halin da mutane suke ciki. Idan wanda ake bi ya gamu da ambaliya ko ciwo sai a sassauta masa, idan mai bin ne ya shiga matsi sai a hanzarta masa har a kyautata. Sassauci ga wanda ke cikin ƙunci umarni ne a Suratul Baƙara, aya ta 280. Ƙari lokacin biya kuwa, Risala ta kawo saɓani ko da babu sharaɗi ko alkawari ko al'ada: Ashhabu ya halatta, Ibnul Ƙasim ya ƙi. Abin da ke sa wannan tsari ya yi aiki shi ne kowa ya san gonar kowa. Da zarar kuɗi sun bar gari, kamar na tsohon ma'aikacinmu da suka hau mota zuwa Kudu, sanin ya yanke, sai rubutun da aya ta 282 ta yi horo da shi.

Ma'aikaci Da Banki

Ma'aikacin gwamnati ba shi da zaɓi, ta banki albashinsa ke zuwa. Yana da kyau ya san matsayin kuɗinsa a can. Ko da yake muna cewa "ajiya", Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Abu Dhabi a 1995 cewa asusun da ake cira kowane lokaci rance ne ga banki, daidai da yadda Zubairu ya yi. Saboda haka banki ke lamuninsa, ƙarin da aka sharɗanta a kansa kuwa riba ce, kamar yadda Cibiyar Binciken Musulunci ta Azhar ta faɗa tun 1965. Gaskiya ne daga baya wasu malaman Masar, musamman Shaihu Ɗanɗawi, sun sassauta, suna ganin banki wakilin juya kuɗi ne. Ba mu gamsu ba, domin wakilin da ya lamunce uwar kuɗi ya kuma yanka riba tun kafin a yi ciniki ya tashi daga wakili ya koma mai cin bashi, ko da me aka kira shi.

Lamunin banki shi ma yana da iyaka. Dattawan ma'aikata ba su manta da watan Janairu na 1998 ba, lokacin da aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Don irin wannan aka kafa hukumar inshorar ajiya ta NDIC a 1988, aka kuma tilasta wa bankuna haɗewa a 2005 har suka ragu daga 89 zuwa 25. Wanda ya kai kuɗinsa wurin da babu lasisi kuwa, ba shi da ko wannan. Masu zuba kuɗi a MMM sun ga haka a Disambar 2016. An yi musu alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ba wanda ya tambaya wace haja ake saye, wa ke sayenta. Kuɗin na baya ake ba na gaba. Mun ji kunya da muka ga har da masu karatu a ciki, alhali tambayar farko ta babin ƙiradi ta isa ta tsamar da su.

Tunanin kafa banki a kan ƙiradi ya fara aiki ne a garin Mit Gamr na Masar a 1963 a hannun Dokta Ahmad an-Najjar, a shekarar da Malesiya ta kafa asusun tara kuɗin maniyyata. Bankin Musulunci na Dubai da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda suka biyo baya a 1975, aka kuma yi taron farko na duniya kan tattalin arzikin Musulunci a Makka a 1976. Masana irin su Muhammad Najatullahi Siddiƙi sun tsara shi hawa biyu: masu kuɗi su ba banki ƙiradi, banki ya ba 'yan kasuwa ƙiradi, riba ta gangaro, hasara ma ta gangaro. A Nijeriya Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin banki marar ruwa a 2011 zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya kuma ta sayar da sukuk na Naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi.

Wannan ci gaba ne, muna godiya ga Allah. Amma sai mun faɗi abin da ya rage. A duniya baki ɗaya yawancin harkar waɗannan bankuna ba ƙiradi ba ce, murabaha ce, watau banki ya sayi kaya ya sayar maka bashi da riba sananniya. Ta halatta idan bankin ya mallaki kayan da gaske, lamuninsu ya hau kansa ko da na ɗan lokaci ne, kafin ya sayar. Idan kuwa takardu kawai aka jera, kuɗi suka fita kuɗi suka dawo da ƙari, to malaman Malikiyya sun fi kowa tsananta wa irin wannan, tun a Muwaɗɗa. Dalilin gudun ƙiradi kuwa shi ne wanda Diamond ya ambata: sa ido yana da tsada. Ma'aikacin banki da ke zaune a Birnin Kebbi ba shi da hanyar sanin kwando nawa masunci ya kama daren jiya a ƙasar Shanga. Wanda ya sani shi ne Sarkin Ruwa, da shugabannin masu kifi, da falken nan da muka gama yi wa faɗa. Ga masu sani ba su da tsarkakakken ƙulli, ga masu ƙulli ba su da sani. Da bankunan za su ba ƙungiyoyin masunta da na manoman albasa jari ta hanyar salam, su wakilta waɗanda suka san mutane su sa ido da lada sananne, da an haɗa biyun. Wannan aiki ne da ya dace ɗaliban tattalin arziki na jami'o'inmu na Sakkwato da Birnin Kebbi su zo bakin ruwa su auna, maimakon kwafe abin da aka auna a wata ƙasa.

Sauran mutanenmu biyu. Muka ce wa mai kuɗi, Alhaji, hanya biyu ce, ba a hawa duka. A Muhtasar na Halil, idan mai dukiya ya ce rance ne, wanda ya karɓa ya ce ƙiradi ne, maganar mai dukiya ake bi tare da rantsuwa. In ka rantse rance ne, uwar kuɗinka kawai gare ka, dubu 900 da ka riga ka karɓa za a cire su daga ciki, saura miliyan 2 da dubu 100, kuma wajibi ne ka jira shi har ya sami sauƙi. In kuwa jari ne, to ƙullin ya ɓaci tun farko saboda adadin da kuka yanka, mai juyawa kuma ana gaskata shi a kan hasara muddin ba a tabbatar da sakaci ba, sai a yi lissafin abin da ya tsira. Muka ce wa falke shi ma kada ya yi murna, domin sai ya kawo direba da waɗanda suka ga kayan, a tabbatar ya rufe su da tamfol yadda aka saba, kuma bai cakuɗa lissafin ba.

Mai kuɗi ya ƙi rantsuwa, ya ce ba zai iya ɗaukar Alƙur'ani a kan kalmar da bai furta ba. Falke kuma ya ce ba zai iya kallon dattijon nan ya rasa abin da ya tara shekara 35 ba. Suka yi sulhu a kan a lissafa abin da aka karɓa cikin uwar kuɗi, falke ya biya rabin abin da ya rage cikin shekara guda, ɗaya rabin an yafe. A wannan karon aka kawo takarda, aka rubuta adadi da ajali, limamin unguwa da wani maƙwabci suka sa hannu.

Masu karatu da dama daga Ngaski sun aiko suna tambaya game da jinginar gona, ko ya halatta mai bin bashi ya noma ta ya ci amfaninta har a biya shi. Wannan za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.